Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabanni da Kwamitocin Makarantun Al'ummar Hausawa a Legas Kan Rufe Ɗakin Gwaje-gwaje

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu sarakunan Hausawa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwanni da 'yan kwamitocin makarantunmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, ranku ya daɗe. Ina miƙa gaisuwa cikin ladabi, da fatan ku da iyalanku kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da kemistiri a ɗaya daga cikin makarantun da al'ummarmu ta gina da kuɗin karo-karo a nan Legas. Na rubuto da yawun abokan aikina malaman kimiyya, da kuma wasu iyaye, yawancinsu mata, waɗanda kunya da girmamawa ba za su bar su su miƙe a gaban taronku su yi magana ba.

Dalilin wasiƙar shi ne shawarar da kwamitin wata makarantarmu ya yanke, cewa a kwashe kayan ɗakin gwaje-gwaje a zuba a kwalaye, a fasa bangon ɗakin ta wajen titi a fitar da shaguna, kuɗin hayar ya taimaka wajen biyan albashi. In jarrabawar WAEC ta matso, sai a yi hayar kayan firaktikal na 'yan kwanaki. An kuma umarci malamai su daina ɓata lokaci, in ji su, kan tarihin yadda aka gano ƙwayar zarra da jadawalin sinadarai, a rubuta wa yara sunaye da shekaru a allo su haddace, a wuce gaba. Labari ya iso mana cewa wasu makarantun ma suna duba yiwuwar bin sahu. Ba zan kama sunan kowace makaranta ba, don ba tozarci na zo yi ba. Na san tsadar haya a garin nan, na san abin da man janareta ke ci, na kuma san akwai 'yan kwamitin da daga aljihunsu suke cika albashinmu a ƙarshen wata. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai wannan shawara za ta ci mu fiye da abin da shagunan za su kawo, kuma ina roƙon ku ba ni dama in bayyana ta yaya.

Abu na farko, tarihin da aka ce a tsallake ba tatsuniya ba ce ta cika lokaci. Shi ne hujjar duk abin da ke cikin littafin. Wata ɗalibata 'yar aji ɗaya na babbar sakandare ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, a wannan shafin an ce ƙwayar zarra ba ta rabuwa, a shafi na gaba kuma an ce akwai elektron da furoton a cikinta. Wanne ne ƙarya?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta ba ta wuce tarihi ba. Da an hana ni ba ta wannan tarihin, abin da za ta tashi da shi shi ne littafin kimiyya yana tufka da warwara, sai ta haddace duka biyun don jarrabawa, ba tare da ta gaskata ko ɗaya ba.

Ga abin da na faɗa mata. Maganar cewa zarra ba ta rabuwa ta John Dalton ce, ɗan masaƙi daga arewacin Ingila wanda ya fara koyarwa tun yana ɗan shekara 12, ya yi yawancin rayuwarsa yana malanta a birnin Manchesta. A 1803 ya fara tsara nazarinsa, a 1808 ya buga shi. Dalton bai ga zarra da idonsa ba, awo ne ya kai shi ga ita. Kafin shi, Joseph Proust, wani Bafaranshe, ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana ɗauke da kayan haɗinsa a kan ƙayyadadden kaso, ko daga ina aka samo shi. Dalton ya ƙara lura da cewa idan sinadarai biyu suna haɗuwa ta hanya fiye da ɗaya, kason yana tafiya ne da cikakkun lambobi. Da lissafin yau, giram 12 na kabon yana kama giram 16 na oksijin ya ba da wata iska, ko ya kama giram 32 ya ba da wata daban. Ɗaya da biyu ke nan, ba a samun ɗaya da ɗigo bakwai. Me zai sa haka in ba don abin yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya ba? Wannan ita ce hujjar Dalton, kuma yaro ɗan shekara 15 yana iya bin ta da kansa in aka ba shi lokaci.

Dalton ya yi kurakurai. Ya ɗauka ruwa zarra ɗaya ce ta haidirojin da ɗaya ta oksijin, wannan ya sa nauye-nauyen da ya lissafa suka karkace. A 1811 wani Ba'italiye, Amedeo Avogadro, ya kawo mafita, cewa iskoki masu cika mazubi iri ɗaya, a zafi da matsi iri ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Aka yi watsi da maganarsa kusan shekara 50, har ya rasu, sai a taron masana na birnin Karlsruhe a Jamus a 1860 wani ɗan ƙasarsu, Stanislao Cannizzaro, ya farfaɗo da ita. Batun rashin rabuwa kuwa ya tsaya har 1897, lokacin da J. J. Thomson a Kambirij ya nuna cewa hasken da ke ratsa bututun gilashin da aka zuƙe wa iska ƙananan ƙwayoyi ne masu cajin lantarki, waɗanda ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu na nauyin zarrar haidirojin ba. Su ne elektron. Thomson ya zaci suna warwatse ne a cikin dunƙulen zarrar. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke tafiya da gudu, kan fallen zinare mai tsananin siranta. Kusan duka suka wuce abinsu, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo baya. Rutherford ya daɗe yana juya wannan sakamako, a 1911 ya fito da bayanin cewa kusan duk nauyin zarra yana tattare a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, saura duk fili ne. Niels Bohr ya jera elektron hawa-hawa a 1913, James Chadwick ya gano niyutron a 1932.

Da na gama, yarinyar nan ta ce, "Ashe kowa gyaran na gabansa yake yi." Wannan fahimtar ita ce ribar darasin, kuma jerin sunaye biyar da shekaru biyar a allo ba zai taɓa ba da ita ba. Masu shirya jarrabawa ma ba sunan Rutherford kaɗai suke tambaya ba, sukan tambayi me gwajinsa ya nuna. Yaron da ya yi haddar suna kawai, nan yake tsayawa yana tauna biro.

Abu na biyu shi ne ɗakin kansa, kuma nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Ku iyayenmu 'yan kasuwa ne. Ba wanda zai koya wa Bahaushen Mile 12 ko na Alaba Rago darajar sikeli da mudu, kun san ciniki ba ya tabbata da rantsuwa sai an ɗora kaya an ga inda allura ta tsaya. To kemistiri ma a kan sikeli aka haife shi. Kusan duk ƙarni na 18 manyan masanan Turai sun yi imani cewa akwai wani abu a cikin duk abin da ke cin wuta, suna kiransa filojistan, wai shi ke ficewa in abu ya ƙone. Maganar ta yi kama da gaskiya, tun da in ka ƙona itace toka kaɗan ke saura. Joseph Priestley, wanda a 1774 ya tara hasken rana da gilashi kan jan garin zaiba ya samu iskar da muke kira oksijin, da wannan fahimtar ya fassara abin da ya gani, kuma a kanta ya rasu a Amurka a 1804. Carl Scheele, wani mai haɗa magunguna a Siwidin, ya riga shi samun iskar, amma littafinsa bai fito ba sai 1777.

Wanda ya warware matsalar shi ne Antoine Lavoisier a birnin Faris, kuma abin da ya fi su da shi bai wuce naci kan awo ba. Ya lura cewa ƙarfe in ya ƙone nauyinsa ƙaruwa yake yi. Ta yaya abu zai fita daga jikinka kuma ka ƙara nauyi? Sai ya riƙa ƙona kuza a cikin kwalbar da ya liƙe bakinta, ya auna kafin da bayan, ya ga jimillar ba ta canza ba. Ya dafa zaiba a rufaffen mazubi har kwana 12, ya ga jan gari ya taru a samanta, iskar ciki kuma ta ragu. Ya kwashe garin ya ƙara masa wuta, iskar da ta ɓace ta dawo. Da haka ya tabbatar cewa ƙonewa haɗuwa ce da wani sashe na iska, kuma a duk wani haɗi na sinadarai nauyi ba ya ɓata, ba ya ƙaruwa, wuri kawai yake sauyawa. A littafinsa na 1789 ya jera sinadaran asali 33, ko da yake ya saka haske da zafi a ciki, abin da na baya suka cire. A watan Mayu na 1794 masu juyin juya halin Faransa suka fille masa kai saboda aikin karɓar haraji da ya yi wa gwamnatin sarki.

Ranku ya daɗe, wannan gwaji da ya sauya duniya ana iya maimaita ainihinsa da kayan da ba su kai kuɗin buhun albasa ba. In aka ɗora lallausan soson ƙarfe a kan ƙaramin sikelin lantarki aka cinna masa wuta, yara za su ga lamba tana hawa. In aka zuba kanwa da ruwan lemun tsami a gorar roba aka rufe, za su ga tana kumfa amma nauyi bai motsa ba, da an buɗe murfi iska ta fita sai ya sauka. Ruwan zoɓo kuwa yana ƙara ja a cikin tsami, ya koma kore-kore a ruwan kanwa, daga nan yaro ya gane bambancin asid da kishiyarsa tun kafin ya taɓa takardar litmos. Na sha ganin yaran da ke gyangyaɗi a aji sun miƙe tsaye suna turereniya a kan sikelin nan. Gani ya kori ji. Amma duk wannan yana buƙatar ɗaki mai tebur, da famfo ko bokitin ruwa, da taga mai shigar iska, da kabad mai makulli. Ba za a kunna wuta a ajin da yara suka cika maƙil a kan benci ba.

Hayar kaya ana gobe jarrabawa kuwa, mun ga abin da take haifarwa a wasu wurare. Yaro bai taɓa riƙe biyuret ba, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna ruwan sinadari da shi, sai ranar firaktikal, hannu na rawa, ya buɗe famfon ya zarce, launi ya juye bai lura ba. Daga nan sai a shiga neman wanda zai faɗa wa yara lambar da za su rubuta. Mun gina makarantun nan don tarbiyya, muna koya wa yara Alƙur'ani da safe, bai kamata da rana mu jefa su cikin halin da sai da maguɗi za su tsira ba.

Abu na uku, yaranmu da yawa suna tasowa da tunanin cewa wannan ilimi na wasu ne, mu 'yan kallo ne. Wani uba ya taɓa ce mini zai cire ɗansa daga ajin kimiyya ya mayar da shi kanti, don a ganinsa boko irin wannan ba gadonmu ba ne. Tarihin da aka ce a tsallake shi ne maganin wannan tunani. Jabir bin Hayyan, wanda ake dangantawa da birnin Kufa a ƙarni na 8, rubuce-rubucen da ake jingina masa cike suke da bayanin tacewa da turarawa da narkarwa, kuma an fassara wasunsu zuwa Latin, Turawa suka karanta. Abubakar al-Razi, likitan da ya rasu wajen shekarar 925, ya karkasa abubuwa zuwa na ma'adini da na tsiro da na dabba, ya kuma bayyana kayan aikin da ake bukata a ɗakin gwaji ɗaya bayan ɗaya. Malamanmu na tauhidi kuma sun san bahasin jauhari da arali. Malaman kalam irin su al-Baƙillani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, sun tattauna kan ƙwayar da ba ta rabuwa, kamar yadda Dimokiritus na Girka ya yi tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da shekaru ɗari huɗu da wani abu. Ba na gaya wa ɗalibaina cewa waɗannan bayin Allah sun gano abin da Dalton ya gano, domin nasu bahasi ne na hankali, nasa kuwa na awo ne. Abin da nake gaya musu shi ne tambayar tsohuwa ce a gidanmu, kuma babu wanda ya hana mu ɗaukar sikeli mu ci gaba daga inda aka tsaya. Ahmed Zewail ɗan Masar ya ɗauka, ya samu kyautar Nobel ta kemistiri a 1999.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a nan gida. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna haɗa baba da toka a cikin rijiyoyin rini, suna sarrafa wani haɗi na sinadarai mai wuyar sha'ani da ido da hanci da ƙwarewar gado. Turkuɗin Kano ya ratsa Sahara. Amma a Jamus Adolf von Baeyer ya zauna ya binciko yadda ƙwayoyin shuni suke a jere, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Cikin 'yan shekaru kasuwar shunin tsiro ta durƙushe a duniya. Kakanninmu sun iya aikin, wasu suka san dalilin aikin, kasuwa ta bi masu sanin dalili. Yau muna son mu sake yi wa jikokinsu irin wannan rashi da hannunmu.

Abu na huɗu rayuka ne, kuma ina roƙon limamanmu su saurare shi da kyau. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Iyayensu na niƙa duwatsun zinare a cikin gida, ba su san dutsen na ɗauke da dalma ba, ƙurar ta bi ƙasa da kwanukan abinci ta shiga jikin yara. Ba mugunta ta kashe su ba, rashin sani ne. A nan Legas 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan da bola-jari suna fasa tsofaffin baturan mota, wasu a bakin ƙofar ɗakin da 'ya'yansu ke rarrafe. Na taɓa ziyartar gidan wani ɗalibina na tarar da ƙannensa suna wasa da farantan cikin batur. Mahaifinsu mutumin kirki ne mai neman halak, babu dai wanda ya taɓa gaya masa cewa dalma na taruwa a jini tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Ɗansa ne, bayan darasin da muka yi kan ƙarafa, ya roƙe shi ya mayar da aikin nesa da gida. Haka kwallin da iyayenmu mata ke ranɓaɗa wa jarirai: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka gwada kwallin da aka kai masa daga Najeriya sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Ku tuna lissafin Dalton na 16 da 32. Mai 32 ita ce iskar da ke tashi a kwalbar lemo. Mai 16 ita ce kabon monoksaid da janareta ke fitarwa, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Kowa a garin nan ya taɓa jin labarin iyalin da suka shigar da janareta cikin baranda saboda tsoron ɓarayi, gari ya waye ba su tashi ba. Gidan da yake da yaro ɗaya da ya fahimci wannan darasi, da wuya a kwana da janareta a rufe. Haka zancen kabaid da ake nuna ayaba da mangwaro da shi, da maganin ƙwari da wasu ke yayyafa wa wake a sito. Waɗannan kasuwanninmu ne, sunanmu ne ke ɓaci in abin ya fito.

Abu na biyar, abinci da aikin yi. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, abin da a da ake zaton jikin mai rai kaɗai ke iya samarwa. A 1909 Fritz Haber ya kamo naitirojin daga iska ya haɗa shi da haidirojin ya samu amoniya, Carl Bosch ya mayar da hanyar ta masana'anta a 1913. Takin zamanin da manomanmu ke layi a kansa a Funtuwa da Giwa daga nan ya samo asali. To ga shi a Ibeju-Lekki, cikin jihar nan da muke zaune, an buɗe masana'antar takin Dangote a watan Maris na 2022, mai ƙarfin fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, kusa da matatar man da aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Irin waɗannan wurare suna ɗaukar masana sinadarai da injiniyoyi, kuma ba a shiga wannan layi, ko na likita ko na harhaɗa magunguna, sai da kiredit a kemistiri. Muna alfahari ɗan Kano ne ya gina, amma in muka rufe ɗakin gwaje-gwajenmu mun zaɓa wa 'ya'yanmu su tsaya a bakin get, masu gadi da 'yan dako, alhali suna da kan da zai kai su ciki.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke cikinmu sun san Arlit, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin makamashin nukiliya, tun 1971. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi bam ɗinta na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004. Nahiyarmu na ba da dutsen, wasu na riƙe da iliminsa.

Ba zan bar 'ya'yanmu mata a baya ba, domin su wannan shawara ta fi taɓawa. Namiji zai iya hawa danfo ya tafi darasin yamma a wata unguwa, mace kuwa yawancin iyaye ba za su bari ba, abin da ta samu a makarantar unguwa shi ke nan nata. Matar Lavoisier, Marie-Anne, ita ta zana kayan gwajinsa ta kuma fassara masa rubuce-rubucen Ingilishi. Marie Curie da mijinta sun gano foloniyom da radiyom a 1898, ta yi shekaru tana dafa tarin duwatsu a wata rumfa kafin ta tace kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom a 1902, ta karɓi kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Lise Meitner ce, tare da Otto Frisch, ta bayyana a farkon 1939 cewa abin da Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gani a Balin tsagewar cibiyar yuraniyom ce. Mu da kullum muke kukan matanmu ba sa samun likita mace ko ungozoma mai jin Hausa a asibitocin Legas, daga wane aji muke sa ran za su fito?

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

A dakatar da fasa bangon nan har sai kwamiti ya zauna da malaman kimiyya da wakilan iyaye, mata a cikinsu, an baje lissafin kuɗi kowa ya gani. In giɓin albashi ne matsalar, a faɗa mana nawa ne, mu ma mu san inda za mu taimaka.

In har makaranta ɗaya ba za ta iya riƙe ɗakin gwaje-gwaje ita kaɗai ba, makarantun da ke kusa da juna su haɗa ƙarfi su riƙe guda ɗaya, a raba ranaku, a ɗauki mai kula da shi. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su shige gaba wajen wannan sulhu, domin maganarsu ce kowane kwamiti zai ji. Ƙungiyoyin 'yan tumatur da albasa, da 'yan shanu da raguna, da 'yan canji, kowace ta ɗauki nauyin wani abu a bayyane: wannan sikeli, wannan biyuret da kwalabe, wannan tukunyar gas da abin kashe gobara. Mu malamai za mu rubuta jerin kayan da farashinsu, mu riƙe littafin ajiya da kowa zai iya dubawa.

A janye umarnin tsallake tarihi. A bar mana aƙalla makonnin farko na aji ɗaya mu bi da yara daga sikelin Lavoisier zuwa cibiyar Rutherford, kuma a yarda mu yi bayani da Hausa inda Turanci ya tsaya wa yaro a wuya, sa'an nan mu ba shi kalmomin da zai rubuta a jarrabawa. A cikin makonnin nan nake son in ci gaba da darasin da na fi so, inda yara ke yanka kwali su rubuta sunan kowane sinadari da nauyinsa da halinsa, su jera da kansu. Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani a 1869, ya bar gurabe babu kowa, ya ce akwai masu wurin, ba a dai gano su ba tukuna, har ya faɗi siffofinsu. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyom, ya auna ya ce kaurin nauyinsa, wato nauyinsa in an kwatanta da na ruwa, 4.7 ne. Mendeleev, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya rubuta cewa a sake aunawa, kamata ya yi ya kai 5.9. Da aka ƙara tace shi aka auna, sai ga 5.9. Skandiyom ya biyo baya a 1879, jamaniyom a 1886, kowanne ya faɗa gurbinsa. Henry Moseley ya nuna a 1913 cewa cajin cibiyar zarra ne ke tsara jerin, ba nauyi ba, kafin a kashe shi a yaƙin Galifoli a 1915 yana ɗan shekara 27. Yau jadawalin na da sinadarai 118. Yaron da ya jera kwalayensa ya ga gurbi ya buɗe a gabansa ba ya sake kallon jadawalin nan a matsayin abin hadda.

Muna roƙon shugabanni su rubuta takardu da sunan al'umma zuwa Jami'ar Legas da ke Akoka, da Kwalejin Fasaha ta Yaba, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, da cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, a nemi izinin kai ɗalibanmu ziyara ko sau ɗaya a zango. Takardar da ta fito daga fada ta fi ta malamin aji nauyi. 'Ya'yanmu da Allah ya ɗaukaka, masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da ke aiki a garin nan, a gayyace su su ba da safiyar Asabar ɗaya a wata su tsaya gaban ƙannensu.

Limamanmu kuma, Allah ya gafarta malam, muna roƙon ku ware 'yan mintoci bayan sallar Juma'a ko a wajen ɗaurin aure da suna, ku ja kunnen jama'a kan fasa batur a gida, da kwana da janareta a rufe, da sa wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba. Mu za mu rubuta muku bayanin da Hausa a takarda ɗaya, ku duba ku gyara yadda ya dace da mumbari.

Mun shirya zuwa duk inda kuka kira mu, a fada ko a masallaci ko a ofishin kasuwa. In kun ba da izini za mu zo da sikelin da soson ƙarfen da gorar kanwa, mu yi gwajin a gabanku kafin ku yanke hukunci.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalamu alaikum.

Naku cikin biyayya,
Malamin kemistiri, a madadin malaman kimiyya da iyayen ɗalibai,
Agege, Legas.